Kafin Ka Yarda da Matsayin Makarantar Ɗanka, Tambayi Yadda Aka Auna

Duk shekara, da zarar hukumomin WAEC da NECO sun saki sakamakon jarrabawar kammala sakandare, sai wayoyi su cika da jadawali: jiha kaza ce ta ɗaya, jiha kaza ce kurar baya, makaranta kaza ta fitar da kashi 90 cikin 100. A majalisun Ƙaura Namoda da Shinkafi da Zurmi a jihar Zamfara, wani ya ji haushi, wani ya yi murna, wani kuma ya yanke shawarar cire yaronsa daga makarantar gwamnati ya kai shi ta kuɗi, ko da sai ya sayar da akuya. Abin da ba a cika tambaya ba shi ne: wa ya haɗa wannan jadawali, kuma da wane ma'auni?

Magidancin da ya je kasuwar Shinkafi sayen gero ba ya miƙa kuɗi sai ya ga tiyar da ake auna masa da idonsa. Amma idan aka zo ga karatun ɗansa, sai a ce masa "makarantarku ta yi ƙoƙari" ko "ƙaramar hukumarku ce ta ƙarshe", ya karɓa ya tafi. Wannan shawara ce ga iyaye, da 'yan kwamitin makarantu, da ƙungiyoyin tsofaffin ɗalibai, da masu unguwanni, kan yadda za su nemi ganin ma'aunin, su kuma iya karanta shi.

Dalilin da ya sa lamba kaɗai ba ta isa ba

Manyan hukumomi ma suna kuskure. A watan Agustan 2025 WAEC ta sanar da cewa kashi 38.32 cikin 100 na ɗaliban Najeriya ne suka sami kiredit biyar har da Turanci da Lissafi. Bayan 'yan kwanaki ta dawo ta ce an sami tangarɗa wajen duba wasu takardu, adadin ya koma kashi 62.96. A watan Mayun shekarar, shugaban JAMB, Farfesa Ishaq Oloyede, ya fito ya amsa cewa matsalar na'ura ta ɓata sakamakon ɗalibai 379,997 a Legas da jihohin kudu maso gabas, aka sake musu jarrabawa. Duka gyare-gyaren biyu sun zo ne bayan iyaye da malamai sun ɗaga murya.

A Zamfara kuma akwai dalili na musamman. A 2022 WAEC ta bayyana cewa jihohin Zamfara da Sakkwato ba su gabatar da ɗaliban makarantun gwamnati ba a jarrabawarta ta wannan shekarar. Ke nan duk jadawalin WAEC na 2022 da ya saka Zamfara a wani matsayi, labarin makarantun kuɗi yake bayarwa, babu ɗan makarantar gwamnati na Moriki ko na Badarawa a ciki. Haka kuma an yi shekaru hukumomin jarrabawa suna riƙe sakamakon ɗaliban jihar saboda bashin da suke bin gwamnati, har sai da gwamnatin Dauda Lawal, wadda ta ayyana dokar ta-ɓaci a fannin ilimi a watan Nuwamban 2023, ta shiga biyan bashin. Wanda ya ɗauki alƙaluman waɗancan shekaru ya kwatanta da na yau bai san wannan tarihi ba, zai yi hukuncin da ba daidai ba, ko na yabo ko na suka.

Na farko: ka san abin da ake aunawa

A sakandare, ma'aunin da aka saba da shi shi ne kiredit biyar har da Turanci da Lissafi. Kiredit yana farawa daga C6 ya hau zuwa A1. D7 da E8 an tsallake, amma ba kiredit ba ne, F9 kuma faɗuwa ce. Saboda haka idan shugaban makaranta ya ce "yaranmu duk sun ci", ka tambaye shi cikin ladabi: kiredit biyar da Turanci da Lissafi, ko kiredit biyar a kowane darasi, ko kuwa tsallake F9 kawai? Waɗannan lissafi uku ne daban, kuma na farkon ne jami'o'i suke nema a yawancin kwasa-kwasansu.

Ka kuma tambayi wace jarrabawa ce: WAEC, ko NECO, ko NABTEB ta makarantun fasaha, ko NBAIS ta makarantun Larabci da addinin Musulunci. Kada ka yarda a gwama su a fitar da lamba ɗaya ba tare da an nuna maka kowacce daban ba. A ƙaramar sakandare akwai BECE da ake yi a ƙarshen aji uku. Ita ma a nemi sakamakonta, domin nan ne ake fara ganin inda yara ke zubewa.

Na biyu: tambayar "cikin nawa?"

Wannan ita ce uwar tambayoyi. Mu ɗauki misali na lissafi kawai. Makarantu biyu, kowacce ta ɗauki ɗalibai 120 a aji huɗu na sakandare. Bayan shekara uku, ta farko ta yi wa 40 rajistar jarrabawa, 36 suka sami kiredit biyar. Za ta rubuta a allonta cewa ta ci kashi 90 cikin 100. Ta biyu ta zaunar da 110, aka sami 55 da suka ci, wato kashi 50. A jadawali ta farko ce zakara. Amma idan aka koma ga yaran 120 da aka damƙa wa kowacce, ta farko ta fitar da kashi 30 ne, ta biyu kuwa kusan kashi 46. Yara 80 na makarantar farko ina suka shiga?

Don haka lambobi huɗu za ka nema, ba ɗaya ba: nawa suka shiga aji huɗu, nawa suka kai aji shida, nawa aka yi wa rajista kuma suka zauna, nawa suka ci. Sannan a raba maka maza da mata. A wasu jihohi, kamar Kano, ana yin jarrabawar tantancewa kafin gwamnati ta biya wa ɗalibi kuɗin jarrabawar ƙarshe. Duk inda ake irin wannan tacewa, ka tambayi adadin waɗanda aka tace, domin ba sa fitowa a lissafin nasara.

Ƙarancin masu zama jarrabawa shi kansa labari ne. A 2018 Ma'aikatar Ilimi ta Tarayya ta koka cewa yara 28 kacal ne daga Zamfara suka yi rajistar jarrabawar shiga makarantun sakandaren tarayya kafin a tsawaita wa'adi. Da a ce dukkansu sun ci, da an ce jihar ta sami kashi 100, alhali dubban 'yan aji shida na firamare ba su ko shiga ɗakin jarrabawar ba.

Na uku: ka tambayi ko ɗaliban na makarantar ne

Kowa ya san akwai cibiyoyin da ɗalibai ke tururuwa zuwa gare su daf da jarrabawa saboda an san ana sakin fuska ana satar amsa. Irin wannan wuri yakan fito da sakamako mai ƙyalli, ya kuma sa makarantar da malamanta suka tsaya kan gaskiya ta zama abin raini. Alamun ba ɓoyayyu ba ne: 'yan aji shida sun ninka 'yan aji biyar ba tare da dalili ba, yara sun yi A da B a Turanci amma ba sa iya rubuta wasiƙar neman aiki, maki ya yi sama a NECO ko WAEC amma ya faɗi warwas a JAMB. Ka tambayi adadin sakamakon da aka riƙe ko aka soke saboda maguɗi, ka kuma tambaya ko hukumar jarrabawa ta taɓa dakatar da makarantar daga zama cibiya. Shugaban makaranta ya san amsar, domin ana aiko masa jerin sakamakon ɗalibansa gaba ɗaya.

Na huɗu: ka ƙirga ranakun da aka buɗe makaranta

A arewacin Zamfara ba za a yi maganar sakamako a tsallake tsaro ba. A watan Mayun 2019 'yan bindiga suka shiga makarantar sakandaren 'yan mata ta gwamnati da ke Moriki a ƙaramar hukumar Zurmi. Ranar 26 ga Fabrairun 2021 aka sace ɗalibai mata 279 a Jangebe, aka rufe makarantun kwana. A watan Satumban shekarar, bayan sace ɗalibai a Kaya ta ƙaramar hukumar Maradun, aka rufe makarantun jihar, aka kuma katse layukan waya. Yaron da ke firamare a wancan lokacin, yanzu yana sakandare, kuma giɓin yana tare da shi.

Adalci shi ne duk wanda zai jera makarantu ya rubuta, kusa da sakamakon kowacce, yawan ranakun da ta yi karatu a shekarar, da yawan yaran da suka yi ƙaura daga cikinta ko zuwa cikinta. Makarantar cikin garin Ƙaura da ta karɓi 'ya'yan 'yan gudun hijira a tsakiyar zango, ajinta ya cika maƙil, ba daidai take da wadda ba ta ga wannan ba. Makarantar ƙauyen Dauran ko Jangeru da malamai ke tsoron hanyar zuwa ba za a auna ta da ta tsakiyar Gusau a ce malamanta ragwaye ne ba. Wannan ba neman uzuri ba ne. Idan aka rubuta dalilin, an san ofishin da za a tunkara da maganar.

Na biyar: ka dubi abin da aka ba makarantar

Kafin a tuhumi malami kan abin da ya fitar, a dubi abin da aka ba shi. Manufar ilimi ta ƙasa ta tanadi malami ɗaya ga yara 35 a firamare, ɗaya ga 40 a babbar sakandare, kuma takardar NCE ce mafi ƙarancin shaidar koyarwa. Ka tambaya: malamai nawa ne a takarda, nawa ne ke shiga aji? Akwai malamin Lissafi, da na Turanci, da na kimiyya? Littafin sa hannun malamai da rajistar kiran sunan yara suna ofishin hedimasta, kuma 'yan kwamitin makaranta suna iya neman a nuna musu. Ka tambayi ranar ƙarshe da jami'an duba ingancin karatu suka zo, da abin da suka rubuta.

Maganar kuɗi ma tana ciki. Dokar ilimin bai-ɗaya ta 2004 ta ware kashi 2 cikin 100 na kuɗin shigar Gwamnatin Tarayya ga hukumar UBEC, kuma jiha ba ta karɓar babban kasonta sai ta ajiye kwatankwacinsa. Ayyukan da aka yi da kuɗin suna bi ta hukumar SUBEB ta jiha. Idan an ce an gina aji ko an kawo kujeru a makarantarku, ku nemi sanin adadin da aka rubuta, ku je ku ƙirga. A Yuganda, bincike ya nuna cewa a tsakiyar shekarun 1990 abin da ke isa makarantun firamare daga tallafin da gwamnati ke aika musu bai wuce kashi ɗaya cikin biyar ba. Da aka fara buga adadin kuɗin a jaridu, ana kuma liƙa shi a makarantu, zuwa 2001 abin da ke isa ya haura kashi 80 cikin 100.

Na shida: ku auna yaran da kanku

A firamare babu WAEC, kuma katin sakamakon zango ba ya faɗin komai in ban da "ya zo na uku cikin sittin". Na uku a ajin da babu mai iya karatu ba abin alfahari ba ne. A Indiya, ƙungiyar Pratham ta fara wani gwaji mai sauƙi tun 2005, wanda masu sa-kai ke yi gida-gida, kuma ƙasashen gabashin Afirka sun kwaikwaya. Ana iya yin irinsa a zaure.

A sami takarda ɗaya. A rubuta haruffa goma, da kalmomin Hausa goma masu sauƙi, da jimloli huɗu, da ɗan gajeren labari daidai na 'yan aji biyu. A bayanta a rubuta lambobi, da ɗebewa mai aro, da rabawa. A zaɓi yara ta hanyar ƙuri'a daga rajistar aji huɗu ko biyar, kada a bar malami ya zaɓo haziƙansa. A zauna da kowane yaro shi kaɗai, ba tsawa ba bulala, a rubuta matakin da ya tsaya. Idan an gwada yara 20, za a san nawa ke karanta labari, nawa suka tsaya a haruffa. A maimaita bayan zango biyu da takarda makamanciyarta. Malaman da suka sami horo a shirin RANA, wanda ya koyar da karatu da lissafi da Hausa a Zamfara da Katsina, sun san irin wannan gwaji, a nemi taimakonsu. A sanar da hedimasta tun farko, a yi da shi, kada ya ji kamar an zo kama shi ne.

Na bakwai: ku bi ƙofar da ta dace

A fara da hedimasta ko shugaban makaranta, ta hannun kwamitin kula da makaranta na al'umma, wanda ake kira SBMC, ko ƙungiyar iyaye da malamai. Hannu ɗaya ba ya ɗaukar jinka: uba ɗaya ana iya sallamarsa da "sai ka dawo", amma tawagar da ta haɗa da liman da wakilin mai unguwa da wakiliyar mata sai an ba ta kujera. Kuma a tabbata iyaye mata suna ciki, domin su suka fi sanin ranar da yaro ya dawo gida tun hantsi saboda babu malami.

Idan firamare ce, mataki na gaba shi ne ofishin sakataren ilimi na ƙaramar hukuma, sannan SUBEB a Gusau. Idan babbar sakandare ce, a nufi Ma'aikatar Ilimi ta jiha. Akwai ƙidayar makarantu ta shekara-shekara, inda ake cike fom na yawan ɗalibai da malamai da azuzuwa da banɗakuna. A nemi kwafin abin da aka cike da sunan makarantarku, a gwada shi da abin da ido ya gani.

In baki bai yi ba, a rubuta. Dokar 'yancin samun bayanai ta 2011 ta ba kowane ɗan ƙasa damar neman bayani daga hukumar gwamnati ba sai ya faɗi dalilinsa ba, kuma ta ba hukumar kwana 7 ta amsa, da damar ƙarin wasu 7 idan bayanan suna da yawa. A watan Afrilun 2025 Kotun Ƙoli ta yanke hukuncin cewa dokar ta hau kan jihohi ma. Takardar ta zama gajera: sunan makaranta, shekarun da ake nema, da jerin tambayoyi ɗaya bayan ɗaya. A yi kwafi biyu, a sa a buga hatimin karɓa da kwanan wata a kan naku. Kada a saka zagi ko zargi, tambaya kawai.

Abin da za ku roƙa a liƙa a bango

Buƙatar ba ta da tsada. Takarda ɗaya a allon sanarwa na kowace makaranta, da Hausa, a ƙarshen kowace shekarar karatu, mai ɗauke da: yawan ɗalibai aji-aji, maza da mata; yawan malamai da darussansu; ranakun da aka yi karatu; waɗanda suka zauna jarrabawa da waɗanda suka ci, na shekara uku a jere; sakamakon da aka riƙe; da kuɗi ko kayan da suka shigo. A ofishin sakataren ilimi kuma a liƙa na ƙaramar hukumar gaba ɗaya. Duk wanda ya ce Ƙaura ta fi Zurmi, ko Shinkafi ta fi Birnin Magaji, ya rubuta a ƙasa yadda ya yi lissafin, yadda ɗan sakandare zai iya ɗaukar biro ya maimaita.

An gwada irin wannan a ƙauyuka 112 na lardin Punjab a Pakistan, inda aka raba wa iyayen rabin ƙauyukan katin da ke nuna sakamakon 'ya'yansu da na duk makarantun garin. Makin yara ya ƙaru, makarantun kuɗi kuma suka rage farashi.

Hattara da abubuwa uku

Na ɗaya, kada a mayar da jadawali abin bauta. Kenya ta dakatar da jera makarantu bisa sakamakon jarrabawa a 2014, saboda ganin yadda gasar ke haifar da maguɗi da tilasta wa raunanan yara maimaita aji don kada su ja makaranta ƙasa. Ingila kuma a 2016 ta fara auna ci gaban da yaro ya samu daga shigarsa sakandare zuwa fitarsa, ba makin ƙarshe kaɗai ba. Ku ma ku fi kwatanta makarantarku da yadda take bara da bara waccan, kafin ku kwatanta ta da ta maƙwabta.

Na biyu, tsaro. Jimilla za a liƙa, ban da sunayen yara, ban da hotunansu, ban da inda malamai ke kwana ko ranar da suke bin hanya. Bayanin makarantun kwana da na ƙauyukan da ke bakin daji ya tsaya a taron kwamiti, kada a watsa shi a Facebook ko WhatsApp.

Na uku, siyasa. Lokacin zaɓe kowane ɓangare zai so ya ɗauki alƙalumanku ya yi makami da su. Ku ba kowa amsa ɗaya: ga abin da muka gani, ga abin da muke nema. Kuma idan lissafi ya nuna malami ya yi ƙoƙari cikin wahala, a yaba masa a bainar jama'a kamar yadda za a yi ƙorafi in ya gaza. Idan ya nuna cewa iyaye ne ke janye yara zuwa gona ko talla, mu karɓi namu laifin.

Ya ku iyaye da masu faɗa-a-ji na Ƙaura Namoda da Shinkafi da Zurmi, kada ku jira sakamakon baɗi. A taron iyaye da malamai mai zuwa, ku tafi da takarda da biro, ku nemi lambobi huɗun nan na makarantarku, ku sa ranar gwada karatun yara, ku kuma roƙi a liƙa amsar a bango kafin a tafi hutun zango.